Yadda Magina da Masu Ƙawata Ɗaki Ke Karɓar Sababbin Dabarun Tattalin Wuta da Itace a Adar

Wa ke tsara cikin ɗakinka?

A manyan biranen duniya, tsara cikin gida sana'a ce ta mutum guda. Yakan yi karatunta a makaranta, sannan ya riƙa zaɓa wa masu gida launin bango da wurin taga da irin fitilar da za a sa. A birnin Tawa da garuruwan arewacin Adar, kamar Keita da Tamaske da Kalfu da Barmu, wannan aiki ya rarrabu a hannun mutane da yawa. Magini ne ke yanke kaurin bango da tsayin ɗaki. Mai shafe da mai fenti su ke ba ɗakin fuska. Kafinta ko mai walda ke yin ƙofa da taga da silin. Mai haɗa wuta ke zaɓen ƙwan fitila da fanka. Daga ƙarshe mata su shigo su yi jere, su ce ga inda gado zai tsaya, ga inda labule zai sauka.

Ya kai mai karatu, ka sani cewa abin da waɗannan mutane suka zaɓa cikin mako guda, kai ne za ka yi ta biyan kuɗinsa shekara da shekaru. Za ka biya a takardar kuɗin wuta ta NIGELEC, ko a wurin mai sayar da itace, ko kuwa ka biya da barcin da zafi zai hana ka da iyalinka. A Tawa, cikin watan Afirilu da Mayu, zafin rana kan wuce digiri 40 ko a inuwa. Ɗakin da aka gina ba tare da lura da wannan ba yana iya zama haɗari ga jariri da tsoho da majinyaci.

Saboda haka yana da amfani ka san yadda waɗannan masu sana'a ke karɓar sabon abu, da abin da ke sa su guje masa ko da yana da kyau.

Yadda kwano da siminti suka ci gari

Soron ƙasa na gargajiya yana da bango mai kauri da rufin azara da aka lulluɓe da ƙasa. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi. Zafin da rana ta zuba wa bango da hantsi yakan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa zuwa ciki, shi ya sa soro ke da sanyi da tsakar rana. Da dare kuma bangon yakan saki zafin da ya tara, sai mutane su fita kwana a tsakar gida. Da hunturu wannan ɗumi alheri ne.

Amma soro yana cin itace. Azara mai ƙwari daga giginya ko goriba ake samunta, giginya kuwa takan yi shekaru da dama kafin ta isa sara. Bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa sun ragu ƙwarai a Adar. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, ya dasa miliyoyin itatuwa, amma itacen da ke tsare ƙasa daga zaizaya daban, azara daban. Magina suka koma yin rufi da itace marar ƙwari wanda gara ke cinyewa cikin ƴan shekaru. Rufin da gara ta ci, idan ya sha ruwan damina, yana iya ruftawa kan masu barci.

A nan ne kwano ya samu shiga. Ba ya buƙatar yaɓe kowace shekara, kuma ana kafa shi cikin kwana guda. Siminti ma bai yi nisa ba, tun da akwai masana'antarsa a Malbaza tun shekarun 1960. Ga kuma ƴan ci-rani. Ba'adare ya je Abijan ko Legas ko Libiya, ya ga gidajen bulo, ya dawo da kuɗi ya ce irinsu yake so. Maƙwabta suka gani, gidan siminti da kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Magini kuwa abin da ake nema yake koya.

Illar ba ta ɓoye ba. Kwano yakan yi zafi nan da nan, ya sako zafin kai tsaye kan wanda ke ƙarƙashinsa. Bulon siminti mai rami ba shi da kaurin da zai jinkirta zafi. Mai irin wannan ɗaki dole ya nemi fanka, in yana da hali ya nemi na'urar sanyaya ɗaki, wadda ko ƙaramarta tana shan wutar da ta fi ta fanka goma. Wutar kuma ba kullum take ba. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, alhali a lokacin daga can ƙasar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Waɗanda suka kwana a ɗakin kwano cikin waɗannan watanni ba su buƙatar a yi musu bayani.

Abu biyu sababbi, ɗaya ya yi gudu, ɗaya na rarrafe

Ka dubi ƙwan fitila irin na zamani da ake kira LED. Mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60. Idan ka kunna tsohon ƙwai sa'a 5 kowane dare, a wata guda zai sha kilowat-awa 9. Sabon kuwa bai kai ɗaya da rabi ba. Kuma ba ya ƙara wa ɗaki zafi kamar tsohon. Mai haɗa wuta bai sha wahalar karɓarsa ba. Ƙwan yana nan a kasuwar Tawa, yana shiga mazaunin tsohon ba tare da an canza kome ba, in bai yi ba asarar kaɗan ce. Kuma saboda ƙarancin wutar da yake sha, ƙaramin faifan hasken rana da batir guda sun isa su haskaka ɗaki a ƙauyen da turakun lantarki ba su kai ba.

Yanzu ka dubi ɗaya dabarar, wato gini ba itace, wanda da Faransanci ake ce wa Construction Sans Bois. Asalinsa daga ƙasar Nubiya yake, a kudancin Masar, inda aka daɗe ana rufa ɗaki da bulon ƙasa zalla. Ana jera bulon a karkace, sahu na jingina da sahu, har su haɗu su yi baka ko tulluwa, ba azara, ba ƙarfe, ba siminti. Ƙungiyar Development Workshop ce ta fara gwada shi a Nijar a 1980, a garin Cikal na yankin Filinge. Daga nan aka kai shi Iferwan cikin duwatsun Ayar, ƙarƙashin aikin kare muhalli na ƙungiyoyin WWF da UICN. Daga 1993 aka faɗaɗa horon magina da tallafin ƙasar Danmak, aka horar da ɗaruruwa a Nijar da maƙwabtanta.

A takarda wannan gini ya cika kome. Kayan aikinsa ƙasa ce da ruwa, kuɗin da aka kashe yana tsayawa a hannun ƴan gari, ɗakin yana da tsayi da sanyi, gara ba ta da abin ci, gobara ba ta da abin kamawa. Duk da haka, bayan fiye da shekara 40, bai zama ginin kowa da kowa ba. Me ya sa?

Ka sa kanka a matsayin magini. Jarinsa sunansa ne. Idan ya yi rufin kwano, ya san ba wanda zai zarge shi don ɗaki ya yi zafi, za a ce halin bazara ne. Idan ya yi tulluwar ƙasa ta tsage, shi za a nuna da yatsa har jikokinsa. Kuma wannan gini ba ya yafe kuskure. Rufin yana tura bango waje, don haka sai harsashi ya yi ƙarfi, bango ya yi kauri, ma'auni ya daidaita. Ba a koyonsa da kallo daga nesa. Sai an yi makonni ana horo, a kuma yi gine-gine da dama a gaban wanda ya ƙware. Magini da ke ciyar da iyali da aikin yini ba zai bar aikinsa ya tafi koyo ba, sai ya tabbata akwai masu nema in ya dawo. A farkon lamari kuwa yawancin masu neman hukumomi ne da ƙungiyoyin raya ƙasa, waɗanda ke son ofis ko ɗakin ajiya ko ajin karatu.

Shi ma mai gida yana da nasa tsoro. Wanda ya saba ganin azara a bisa kansa, da wuya ya yi barci a daren farko ƙarƙashin rufin da ba abin da ke tallafe da shi. Abin mamaki shi ne, Adar ba baƙuwar tulluwa ba ce. Rumbunan ƙasa na yankin Tawa da Buza, waɗanda baƙi ke tsayawa kallo, ana ɗaga jikinsu da ƙasa har ya rufe sama, su riƙe hatsin shekara. Hannun da ya iya wannan bai yi nisa da waccan dabara ba. Sai dai mutum ya yarda ya zuba geronsa a inda bai yarda ya shimfiɗa tabarmarsa ba.

Wani masani ɗan Amurka, Everett Rogers, ya wallafa littafi a 1962 kan yadda sabon abu ke yaɗuwa cikin jama'a. Ya nuna cewa amfani kaɗai bai isa ba. Mutane suna duba ko abin ya dace da al'adarsu, ko yana da wuyar koyo, ko ana iya gwada shi kaɗan kafin a shiga da ƙafa biyu, da kuma ko ana ganin sakamakonsa da ido. Ƙwan fitila ana gwada shi da kuɗi kaɗan. Rufin ɗaki kuwa ba a gwada rabinsa.

A Masar ma an ga haka. Mai zanen gine-gine Hassan Fathy ya gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor a shekarun 1940 da irin wannan rufi. Masana na duniya sun yaba, amma yawancin mutanen da aka gina dominsu suka ƙi ƙaura, domin hukuma ce ta so tashinsu, ba su ba.

Yama da Dandaji

A cikin jihar Tawa akwai wurare biyu da suka nuna abin da ke sauya ra'ayin magini da na mai gida. Suna kudu da birnin Tawa, a yankin Illela, kuma ya kamata duk mai shirin gini ya san labarinsu.

Na farko masallacin Juma'a na Yama, kusa da Badagishiri. Mutanen gari ne suka ɗora wa magininsu, Elhaji Falke Barmu, aikin a 1962. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. Daga 1975 aka sake rufin da bakuna da tulluwa a tsakiya, aka ƙara hasumiya huɗu waɗanda ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, aiki ya kai 1982. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fanni. Darasin da magina suka gani a nan shi ne, ginin ƙasa yana iya jawo wa mai shi daraja har ƙetare.

Na biyu garin Dandaji. Can ma akwai tsohon masallacin ƙasa, aikin Falke Barmu, wanda ya soma lalacewa har ana shawarar rushe shi a yi na siminti. Masu zanen gine-gine biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka kawo wata shawara. Aka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kimanin 1000 a gefensa. An kammala a 2018, ana kiran wurin Hikma. An yi ginin da bulon jar ƙasa ta yankin, wanda ake matsewa da inji maimakon a gasa shi, aka taƙaita kankare ga wuraren da ke ɗaukar nauyi. Tsayin rufi da hanyoyin iska su ke sanyaya wurin.

Abin lura a aikin Dandaji shi ne yadda aka tafi da magina. An gayyato waɗanda suka san tsohon gini suka shiga aikin, suka koyi sabon bulo, su ma suka koyar da abin da suka gada. Kuma bulon da aka matse yana da kusurwa a miƙe da fuska sumul, wanda ya gan shi ba zai ce ginin talauci ba ne. A ganinmu wannan ya fi kowace lacca tasiri. Mutum ɗari da suka yi sallar Juma'a cikin sanyi a watan Mayu, sun ji a jikinsu abin da takarda ba za ta iya gaya musu ba. Gani ya kori ji.

Sai dai kada a ɓoye maka gaskiya. Bulon inji yana buƙatar injin matsewa, da wanda ya san irin ƙasar da ta dace, kuma galibi ana ɗan gauraya masa siminti. Ba kowane gari ke da waɗannan ba. Inda babu su, maginin da ya ce maka bai iya ba ya fi wanda zai koya a kan ɗakinka.

Murhu da jere

Ke kuma uwargida, rabin wannan magana taki ce. A yawancin gidajen Adar, makamashin da aka fi kashewa itacen girki ne. Tun shekarun 1980 aka shigo da murhu iri biyu masu rage cin itace a Nijar: Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda maƙera ke yi, da Albarka na ƙasa, wanda mace ke iya ginawa da hannunta. Dabararsu guda ce. Suna kare wuta daga iska, suna tilasta wa zafi ya bi jikin tukunya maimakon ya watse.

Maƙera sun karɓi Mai Sauƙi ne saboda an ba su ma'aunin yankan ƙarfe, kuma sun ga ana saye. Amma murhun yana aiki sosai ne idan ya dace da girman tukunya. Idan tukunya ta yi masa ƙanƙanta, zafi zai tsere ta gefe. Idan maƙeri ya rage ƙarfe ko ya yi da ka don ya sayar da araha, siffar ce kawai ta rage. In za ki saya, ki tafi da tukunyar da kika fi ɗorawa a gwada a gabanki. A birni kuma iskar gas ta ƙara samuwa tun da matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011.

Masu jere su ma suna da hannu a zafin ɗaki, ko da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa magini ya bar taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, sai ranar jeren amarya a jingina katon katakon kwanuka a kan ɗaya, a rufe ɗayar da labule mai kauri, a shimfiɗa darduma bango zuwa bango. Ɗaki ya yi kyau ranar buɗar kai, amma amarya ce za ta zauna a cikinsa da bazara. Masu jere suna koyi da juna ne, daga ɗakin wance zuwa ɗakin wance. Idan ɗaya da ake ji da ita ta bar taga a buɗe, ta sa labule mai shara-shara, sauran za su bi.

Abin da za ka tambaya kafin a fara aiki

Mai sana'a yana bin bakin mai biya. Idan masu gida goma suka tambayi magini abu guda, na sha ɗaya ba sai ya tambaya ba. Ga abin da ya kamata ku tattauna tun ana zana harsashi a ƙasa.

Ka fara da fuskar ɗaki. Ranar yamma ta fi kowace cutarwa, don haka dogon bango da manyan tagogi su kalli arewa da kudu. In ba yadda za a yi, a kare bangon yamma da rumfa ko zana ko itace mai inuwa kamar dogon yaro. A bar ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take hawa, a sa musu raga saboda sauro.

In kwano za ka sa, kada ka tsaya a kwano. A ɗaga rufin, a yi silin a ƙarƙashinsa, a bar sarari tsakaninsu da kafofin da iska za ta bi ta fita. Ko asabari ko zana aka shimfiɗa sun fi babu. Farin fenti a bayan kwano, da farar ƙasa a bango, suna mayar da hasken rana maimakon su sha shi. A cikin ɗaki ma launi mai haske yana sa ƙwai guda ya isa inda da sai biyu. Idan kana son na'urar sanyaya ɗaki, ka tambayi irin mai aiki da ruwa. Tana shan wuta kaɗan, kuma tana aiki sosai a busasshiyar iskar bazara, amma da damina amfaninta na raguwa.

In kuwa gini ba itace ya kwanta maka, ka nemi maginin ya kai ka ka ga ɗakin da ya gina wanda ya sha damina uku ko huɗu. Ka shiga da azahar, ka dubi kusurwoyi ko akwai tsaga, ka yi magana da mai ɗakin ba a gaban maginin ba. Kada a gina shi a kwari ko inda ruwa ke kwanciya. Ka kuma sa a ranka cewa kowace shekara, kafin ruwan farko, sai an hau an duba yaɓen rufi an share indararo, domin ruwan da ya kwanta a kan rufin ƙasa shi ne babban maƙiyinsa.

Game da hasken rana, jihar Tawa ce ta samu babbar tashar farko a ƙasar, mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a Malbaza a watan Nuwamba na 2018. Amma na gida, ingancinsa yana hannun mai haɗawa. Ka sa ya lissafa maka wat na kowane abu da za ka kunna da yawan sa'o'insa kafin ya faɗi girman faifai da batir. A sa na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir, a ajiye batir a wuri mai inuwa da iska, nesa da inda yara ke kwana. Da hunturu ƙura kan rufe faifai ta rage masa ƙarfi, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.